Muhawara: Shin cibiyar binciken da kuɗinta ke zuwa daga waje tana da 'yancin kanta?

Ustaz: Assalamu alaikum. Abin da nake so mu tattauna shi ne, cibiyoyin da ke binciken manufofin gwamnati a ƙasashen Larabawa, waɗanda ke kiran kansu masu zaman kansu, akasarinsu ba su cancanci wannan suna ba, domin kuɗin aikinsu daga Turai da Amurka yake zuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ban ga yadda za a gina dimokuraɗiyyar Larabawa da aljihun waɗanda suka mamaye Iraki a 2003 ba.

Dakta: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, wannan hujja ita ce ainihin wadda gwamnatin Hosni Mubarak ta yi amfani da ita a kan Farfesa Sa'aduddin Ibrahim, wanda ya kafa Cibiyar Ibn Khaldun a Alƙahira a 1988. An kama shi a 2000, aka tuhume shi da karɓar kuɗin Tarayyar Turai ba da izini ba da kuma ɓata sunan Masar, alhali aikin da aka ba shi kuɗin dominsa ya shafi wayar da kan masu zaɓe ne. An yanke masa ɗaurin shekara bakwai a 2001, aka sake shari'ar a 2002 hukuncin bai canza ba, sai a 2003 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Gwamnatin da ta ɗaure shi kuwa tana karɓar tallafin soja na fiye da dala biliyan ɗaya daga Amurka kowace shekara, ba a taɓa gurfanar da ita kan haka ba.

Barista: Ina goyon bayan Dakta. An maimaita irin wannan a Masar a shari'ar da aka sani da lamba 173 ta 2011, inda a 2013 aka samu ma'aikatan ƙungiyoyi 43 da laifi, sannan aka wanke su a ƙarshen 2018, bayan an riga an rufe ofisoshinsu.

Hajiya: Ku yi mini haƙuri, ina ganin kun tsallake inda maganar Ustaz take da nauyi. Mai ba da tallafi ba ya bukatar ya ce a sauya sakamakon bincike, ya ishe shi ya zaɓi tambayar da za a bincika, saboda haka sai a yi ta rubutu kan sa ido a zaɓe, batun farashin burodi da rashin aikin matasa kuwa ya koma gefe, duk da cewa su ne suka fito da mutane kan titi a garin Sidi Buzid na Tunisiya a Disambar 2010. Inda na saba da Ustaz shi ne zaton cewa kuɗin gida ya fi tsarki. Cibiyar Al-Ahram ta nazarin siyasa tana ƙarƙashin gidan jaridar gwamnati ne, cibiyar da Azmi Bishara ke jagoranta a Doha tun 2010 kuma da kuɗin Katar take aiki, kuma kowacce akwai fadar da ba za ta taɓa da alƙalaminta ba.

Ustaz: Hajiya, to ki duba Tunisiya. Waɗanda suka ceto ƙasar a 2013, bayan kisan 'yan adawa Shukri Bel'id da Muhammad Brahimi, ƙungiyoyi huɗu ne na gida: ƙungiyar ƙwadago ta UGTT, da ta masu masana'antu da 'yan kasuwa, da ta kare haƙƙin ɗan Adam, da ta lauyoyi. Su suka sa gwamnatin jam'iyyar Ennahda ta sauka, aka kammala kundin tsarin mulki a Janairun 2014, har aka ba su kyautar Nobel a 2015. Ƙarfinsu daga mambobinsu ya fito.

Dakta: Gaskiya ne, amma sulhu suka yi tsakanin 'yan siyasa, wanda aiki ne dabam da bincike, kuma UGTT ta iya zaunar da kowa ne saboda tana da ikon tsayar da ƙasa da yajin aiki. Wannan ƙarfi bai hana shugaban Tunisiya Kais Sa'id dakatar da majalisa ranar 25 ga Yuli, 2021 ba. Ma'aunin 'yancin mai bincike a wurina shi ne ko ya taɓa fitar da sakamakon da zai ɓata wa mai biyansa ko mutanensa rai. Rahoton ci gaban ɗan Adam na Larabawa da aka fara fitarwa a 2002, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ɗauki nauyinsa, masana Larabawa suka rubuta ƙarƙashin jagorancin Nadir Farjani, kuma jerin rahotannin sun soki masu mulkin yankin, sun soki mamayar Iraki da ta Falasɗinu. Khalil Shikaki, masanin Falasɗinu mai binciken ra'ayin jama'a, ma a 2003 fusatattun mutane suka far wa ofishinsa a Ramallah saboda binciken jin ra'ayin 'yan gudun hijira da bai yi musu daɗi ba.

Ustaz: Waɗannan tsiraru ne, Dakta. Har yanzu ina kan bakana, kuma mafita ita ce a koma ga waƙafi, kamar yadda ya riƙe makarantun Azhar ta Masar da Zaituna ta Tunisiya ɗaruruwan shekaru ba tare da roƙon kowa ba.

Barista: Ustaz, waƙafin da kake magana a kai gwamnatoci sun riga ka zuwa wurinsa. Masar ta soke waƙafin iyali a 1952, ta mayar da na jama'a ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati, Tunisiya kuma ta soke nata gaba ɗaya jim kaɗan bayan samun 'yancin kai a 1956. Kafin attajirin Alƙahira ya keɓe dukiyarsa ga cibiyar bincike, sai an fara gyara waɗannan dokoki, kuma majalisun da za su gyara su suna hannun masu mulkin da binciken zai fi shafa.