Neman shawara: ina son in haɗa bargo da atamfofin mahaifiyata, amma ni sabuwar shiga ce

Mai tambaya, daga Houston

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a birnin Houston na ƙasar Amurka, kuma a bana na shiga wata ƙungiya ta matan unguwarmu masu ɗinkin bargon haɗe-haɗe, wanda ake yanka ƙyallaye a jera su a ɗinke su zama fuska ɗaya, sannan a shimfiɗa auduga a tsakiya da shafi a baya, a bi duka ukun da ɗinki. Muna haɗuwa sau ɗaya a wata, ana biyan kuɗin shekara, kowa takan kawo abin da ta ɗinka a ɗaga a gani, kuma akan ba mu zane ɗaya mu je mu ɗinko kafin zama na gaba. Yawancinsu dattawa ne da suka daɗe a harkar, sun kuma karɓe ni hannu bibbiyu.

Abin da ya kawo ni shi ne, ina da atamfofin mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, akwai Holan, akwai na masaƙun Kaduna na da, har da shadda guda biyu da zane ɗaya rinin Ƙofar Mata. Burina in haɗa su bargo ɗaya wanda 'ya'yana za su riƙa gani suna yi mata addu'a. Sai dai matan ƙungiyar da yadin auduga na kantunan nan suke aiki, ba su san halin atamfa ba, har ɗaya daga cikinsu ta ja kunnena cewa za ta iya zuba ta ɓata aikin gaba ɗaya. Yaya zan shirya yadin, kuma ta ina zan fara? Tambaya ta biyu, duk shekara ƙungiyar takan haɗa babban bargo a sayar da tikiti, wanda aka zaro lambarsa ya ɗauka, kuma ana son kowace mamba ta sayar da nata kason. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, ga shi ba na son in ɓata wa mutanen da suka yi mini alheri.

Amsa daga wata mai ɗinkin mata, Kano

Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. 'Yata, maganar zuba gaskiya ce, amma ba kowace atamfa ce take zuba ba, don haka kada ki yanke musu hukunci ɗaya. Ki ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ki jiƙa gefen kowace da ruwan ɗumi, ki ɗora farin ƙyalle a kai ki danna da dutsen guga. Wadda ta bar launi a jikin farin, ki ware ta ki yi ta wankewa ita kaɗai har sai ruwan ya fita fes, wadda kuwa ta ƙi dainawa ki haƙura da ita, domin ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya rine duk maƙwabtansa a wankin farko. Mai yiwuwa zanen rinin nan ne zai fi ba ki aiki, domin shuni yakan daɗe yana sakin launi. Ni da zan ba ki shawara, kada ki haɗa shi da fari ko ruwan madara ko kaɗan.

Abu na biyu, ki tabbatar duka auduga ce. Ki zare 'yan zarurruka daga gefe ki kusantar da su ga wuta: auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, mai roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Na Holan da na Kaduna na da, da wuya ki same su da roba, amma idan kin ƙara da sababbi masu araha sai kin gwada. Wanki kafin yanka wajibi ne ko da ba ta zuba, saboda auduga tana tsukewa, kuma ba da gwargwado ɗaya kowane yadi yake tsukewa ba. Ita shadda idan ta sha ruwa ƙyallin bugun nan zai ragu, gefenta kuma yana saurin zarewa, don haka gara ki yi amfani da ita a manyan yanka ko a iyakar bargon. Sannan ki ɗaga kowane zane a rana ki duba, inda haske ya ratsa sosai, musamman wajen ɗauri da mazauni, ya riga ya mutu, kada ki sa shi.

Amsa daga wata 'yar uwa, Birmingham

Anti ta gama magana a kan yadi. Ni abin da zan roƙe ki, 'yar uwa, shi ne kada almakashi ya taɓa kayan Mama a bargonki na farko. Yadin kanti idan ya lalace akwai wani, waɗannan kuwa babu inda za ki samo madadinsu.

Ki fara da bargon jariri. Ki yanka murabba'ai 80 masu faɗin inci 5, ki jera 8 a kwance 10 a tsaye, bayan ɗinki kowanne zai koma inci 4 da rabi, bargon ya tashi inci 36 da 45. A nan ne hannunki zai saba da ƙa'idar da duk aikin ya rataya a kanta, wato barin rubu'in inci daidai tsakanin bakin yadi da layin ɗinki. Mu da muka taso da ɗinkin riga mun saba barin sarari da yawa don a iya buɗewa daga baya, amma a nan idan kika ƙara ko da kashi ɗaya cikin takwas na inci, kowane haɗi zai cinye rubu'in inci, layin da yake da haɗi takwas ya gajarce da inci 2, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Ki manna tef a jikin keken a daidai wannan awo ya zame miki jagora. Wajen guga kuma ki riƙa ɗora dutsen kina ɗagawa, kada ki ja shi, ki kwantar da haɗin zuwa ɓangaren da ya fi duhu. Ki ari wuƙa mai faifai da ake gungurawa a yanka yadi, da tabarmar yanka da rula a wurin matan ƙungiyar kafin ki sayi naki.

Idan lokacin atamfofin ya yi, ki tuna zanensu manya ne. In kika yayyanka su ƙanana, furen da kika san Mama da shi zai ɓace, ya zama launi kawai. Ki yanka inci 8 ko 10, ki sa furen a tsakiya, ki raba tsakaninsu da siririn yadi marar zane don ido ya samu wurin hutawa. Bakin atamfa mai ɗauke da rubutun masaƙa kada ki yar, ki ɗinka shi a bayan bargon kusa da inda za ki rubuta sunanta da shekarar da kika gama.

Amsa daga wani malamin makaranta, Zariya

Malama, Allah ya gafarta wa mahaifiya. Abu biyu zan faɗa a taƙaice. Na farko, ki tabbatar waɗannan kaya sun zama naki ta hanyar rabon gado ko da yardar sauran magada kafin ki yanka, domin tufafin mamaci dukiya ce kamar kowace, kuma bayan yanka babu mayarwa. Na biyu, biyan kuɗi don a zaro lamba wani ya samu wasu su rasa, malamai da yawa suna ɗaukarsa caca ko da don aikin alheri aka shirya shi. Ki tambayi limamin masallacinku don ki samu natsuwa, sannan ki je wurin shugabar ƙungiyar ke kaɗai ki gaya mata cikin ladabi cewa addininki bai ba ki damar sayar da tikiti ba, amma a shirye kike ki ba da gudummawar kuɗi kai tsaye ga asusun ƙungiya. Faɗin gaskiya tun da wuri ya fi ki karɓi tikitin ki ɓoye a jaka.

Amsa daga wata 'yar uwa, Atlanta

Na goyi bayan Malam, kuma ina ƙarawa da cewa irin waɗannan ƙungiyoyi galibi suna da sashen ɗinka barguna don sadaka, wasu suna kai wa yara marasa lafiya ta hannun ƙungiyar agaji ta Project Linus da aka kafa a 1995. Idan kika ba da ƙarfinki a can, babu wadda za ta ce kin gudu daga hidimar ƙungiya, kuma bargon jaririn da aka ce ki koyi aiki da shi ya samu inda za shi.

Inda na ɗan saɓa da 'yar uwarmu ta Birmingham shi ne, kada tsoron awo ya sa ki ajiye kayan Mama shekara da shekaru a akwati. Ki nemi hotunan bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, waɗanda suka yi ta haɗa tsofaffin wandunan aiki da rigunan mazajensu da iyayensu ba tare da bin zanen littafi ba. A garinku Houston aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha a 2002, kafin a kai su New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a jikin kan sarki na gidan waya. Layukansu ba su miƙe sosai ba, amma duk wanda ya gani ya san tufafin da aka rayu a ciki ne. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a, domin lifidin da ake sa wa dawakai a hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau yadi ne mai launi daban-daban da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki. Ki nuna wa matan ƙungiyar hotonsa, za su so su gani. Kuma tun da babban bikin barguna na duniya a Houston ake yinsa duk shekara a lokacin kaka, ki bi su ku je tare.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, an riga an yi rabo, waɗannan suna cikin kasona, amma zan sanar da yayata kafin in yanka. Saura abu ɗaya: wace irin auduga zan sa a tsakiya, ganin garinmu akwai zafi, kuma kekena ƙarami ne na gida?

Amsa daga 'yar uwa ta Birmingham

Ki sayi siririya ta auduga zalla ko wadda auduga ta rinjaya a cikinta, ba ta riƙe zafi kamar mai roba, kuma ta fi sauƙin shiga ƙarƙashin ƙaramin keke. Ki karanta jikin ledar, za ki ga an rubuta iyakar tazarar da za a iya bari tsakanin layukan ɗinki, kada ki wuce ta don kada audugar ta cure bayan wanki. Shafi da auduga su fi fuskar bargon faɗi da kamar inci 4 ta kowane gefe. Ki shimfiɗa su a ƙasa, ki kama su da fil mai makulli kina barin tazarar tafin hannu tsakanin fil da fil, ki sa ƙafar keken nan da take jan sama da ƙasa tare, ki fara ɗinki daga tsakiya zuwa gefe. Na jariri kekenki zai iya. Babban na atamfofin kuwa, ki tambayi matan ƙungiyar wadda take da dogon injin ɗinkin bargo, ana biyanta ne gwargwadon faɗin aikin, kuma ki gaya mata tun farko cewa yadin tsoho ne don ta sassauta ja.