Digiri 33 a Legas, 40 a Kano: wanne ya fi ƙuna?

Abban Khalifa: Jama'a, masu zuwa Legas sari suna cewa zafin can ya fi namu, alhali ma'auni na nuna 33 a can, mu nan Afrilu muna kai 40. Masu sani, ku warware mana.

Malam Fagge: Ma'auni iska kawai yake aunawa, a inuwa. Jiki kuwa da bushewar gumi yake sanyaya kansa, ba da fitarsa ba. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe a fata tana ɗauke zafi kusan kilojul 2,400 (kilojul awon yawan zafi ne). A Maris da farkon Afrilu laimar iskar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20, gumi na fita yana bushewa. Legas laima na kai kashi 80, gumin sai ya tsaya ya jiƙa riga a banza. Digiri 32 da laima kashi 70, jiki na jinsa kamar 41. Ba ma sai an je Legas ba: ku lura da Mayu, in iskar teku ta iso hadari ya haɗu bai zubar ba. Ma'auni ya ɗan sauka, amma barci ya gagara.

Hajiya Maman Walid: Malam, randa ma shaida ce. Ruwan bazara ƙarara, na marka kuwa salaf. Haka kula mai ruwa, wato na'urar sanyaya ɗaki da ake zuba wa ruwa: a Afrilu tana aiki, a Agusta laima kawai take ƙara wa ɗaki.

Injiniya: Ku ƙara da rufin kwano marar silin, da bulo da kwalta da ke sakin zafi har bayan isha'i. Tsayuwa cikin rana kuma, kamar a Kantin Kwari, tana iya ƙara digiri 8 kan abin da jiki ke ji. Fanka fa: fata tana wajen 35. In iskar ɗaki ta haura haka kuma a bushe take, zafi take huro maka, sai ka jiƙa riga ko ka yayyafa ruwa a jiki.

Anti Nas: Injiniya, haɗarin namu ke nan, mutum bai ga gumi ba sai ya ɗauka ruwa bai fita. A duba fitsari: in ya yi duhu, ruwa ya yi ƙasa. Sai a haɗa ruwan gishiri da sukari a sha: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Wanda ya fara sambatu, jikinsa rau, a jiƙa shi a yi masa fifita, a wuce asibiti, kar a tsaya ɗura masa ruwa.