Taƙaitawa: abin da aka ce kan mulkin Mengistu a Habasha

Jama'a, muhawarar da aka yi kan yadda za a auna mulkin Mengistu, tsohon shugaban mulkin soja na Habasha, ta yi tsawo, ga abin da na tsinto domin mai son ya fahimci mutumin.

1. Kusan kowa ya ce kada a fara da Mengistu Haile Mariam shi kaɗai. A fara da 1974, shekarar da kwamitin soja na Derg ya tuntsurar da Sarki Haile Selassie. Sai a 1977 Mengistu ya kama ragamar gaba ɗaya, bayan an kashe abokan hamayyarsa a cikin kwamitin.

2. Kan kisan gillar da aka yi wa ɗalibai da 'yan adawa a Addis Ababa babu mai musu. Gardamar kan adadi ce, shi ya sa da yawa suka ce a guji kawo lamba kai tsaye.

3. A nan ne aka rabu: dokar ƙasa ta 1975 da ta ƙwace gonaki daga manyan masu filaye. Wasu sun ce ta 'yantar da talaka, wasu suka ce gwamnati ce kawai ta zama sabon mai gida, tunda ita ke yanke farashin hatsi. Ni dai na fi karkata ga na biyu.

4. Yunwar 1984 ba fari kaɗai ya jawo ta ba; an ambaci yaƙin da aka yi a arewacin Habasha da tilasta wa manoma ƙaura.

5. Tarayyar Sobiyet da Kyuba suka tallafa wa Mengistu a yaƙin da ya yi da Somaliya kan yankin Ogaden. Da tallafin ya ƙafe, ya tsere Zimbabwe a 1991. A 2006 kotun Habasha ta same shi da laifin kisan ƙare dangi, ba ya nan.