Tawadar rini mun sani, ɗayar fa me za mu kira ta?

1/ 'Yan uwa masu harkar hoto a Jos, ga magana a faifai. Tawadar firintar wanke hoto iri 2 ce, Bature na ce musu "dye" da "pigment". Ta farkon ba gardama, tawadar rini ce: launin ya narke sarai cikin ruwa, takarda ta shanye shi. Ta biyun ce ta gagara. A shagunan Terminus sai dai ka ji an ce "mai tsadar nan".

2/ Ita launinta ba ya narkewa. Ƙananan ɓurɓushi ne da ido ba ya gani suke yawo cikin ruwan, in an fesa sai su kwanta a fuskar takarda. Shi ya sa ta fi jure rana da danshi. Hoton rini in ya daɗe a bangon falo yana shan haske, kodewa yake yi, baƙin ya koma ja-ja.

3/ Kada a ce neman suna aikin marasa aikin yi ne. Mutum zai kawo hoton kakansa na baƙi da fari, ya ce a wanke masa wanda jikoki za su gada. In ba ka da kalmar da za ka bambanta masa, farashi kawai zai duba, ya ɗauki mai araha.

4/ Da na tambaya, wani ƙanena ya ce "tawadar gari". Ta yi daɗin faɗa, amma akwai tarko: garin gaske shi ne tonar injin fotokwafi, wadda ake zubawa busasshiya. Ka aiki yaro da wannan suna, tona zai kawo maka. Wani kuma ya ce "tawadar ƙwaya". Malam, ka je kasuwa ka ɗaga murya kana neman ƙwaya mu gani.

5/ Wani dattijo da ya yi zamanin wankin fim ya ce: "Yarana, ai tawadar allo kenan, gawayi da ƙaro. Ku ce tawadar gawayi." Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Baƙar tawadar irin wannan firinta dangin gawayi ce, kuma tawadar almajirai ma ba narkewa take ba, shi ya sa ake wanke allo ya fita fes. Sai dai akwai rawaya da shuɗiya da ja a cikin injin, su kuma ba ruwansu da gawayi.

6/ Ni na tsaya a kan "tawadar fenti". Rini shiga jikin abu yake, fenti a sama yake zama, kuma ko wanda bai taɓa ganin firinta ba ya san wannan. An ce fenti kalmar aro ce. To, tawadar ma daga Larabci muka samo ta.

7/ Amma fa a baƙi da fari, sunan kaɗai ba zai fisshe ka ba. Ƙirga tawadar ruwan toka. Firinta irin Epson L805 mai tanki 6 baƙa ɗaya gare ta, sai ta cakuɗa sauran launuka ta haɗa toka-toka. A nan ne farar babbar riga ke fitowa da kore-kore, ko hoton ya canza fuska tsakanin hasken taga da na kwan lantarki. Tun 2005 Epson ta fito da jerin tawada mai suna UltraChrome K3, baƙa ɗaya da toka 2, duk na fenti. Firintar Canon PRO-300 ta fenti ce mai tawada 10. PRO-200 kuwa ta rini ce mai 8, amma da toka 2, kuma hotonta a takarda mai sheƙi ba ya jin kunya.

8/ Aibin ta fenti: ba ta son zama. Ka bar injin makonni ba aiki, musamman da hunturu irin namu mai bushewa da ƙura, kan firintar, wato inda ke fesa tawada, toshewa zai yi, hoton ya fito da layi-layi a goshin mutum, ka ƙarar da tawada wajen wanke kan. Ko ɗan ƙaramin hoto ne, a riƙa fitarwa duk mako, a kuma lulluɓe injin.

9/ Saura ɗaya: ta fentin tana da baƙa iri 2, ta takarda mai sheƙi da ta marar sheƙi. Na ce "baƙar sheƙi" da "baƙar dushi". Ta biyun ba ta zauna mini a baki ba tukuna, mai wadda ta fi ya kawo.