Wa ya ƙirƙiro fitilar shawara? Muhawara a zauren ma'aikatan lafiya na Sakkwato

Mai Gyaran Na'urori, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da na daɗe ina haɗiyewa, yau kuwa na ga gara in faɗe shi a gaban waɗanda suka san aikin. Mu shida muka haɗu a wani asibiti cikin garin nan muka ƙirƙiro na'urar haska jarirai masu ciwon shawara, wadda ke aiki da sola da batir, tun da kowa ya san halin da muke ciki da wutar lantarki. Akwai likitan yara, da ma'aikatan jinya biyu, da wani matashi mai kula da kuɗi da takardu, da mai walda, sai ni. Ni na zaɓo ƙwayayen fitila masu shuɗin haske, ni na jera su a kan allo, kuma ni na gano cewa zafin watan Afrilu yana gasa allon har hasken ya dushe, na ɗaura masa 'yar fanka irin ta cikin kwamfuta. Da ranar nuna na'urar ga manyan baƙi ta zo, sai aka raba takarda mai ɗauke da sunan likita shi kaɗai da manyan baƙaƙe, can ƙasa aka rubuta "da abokan aikinsa". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganata ita ce, a duk ƙungiyar da ke ƙera kayan asibiti mai aikin hannu ne ke ɗauke da nauyin, amma shi ake fara sharewa idan an zo rabon yabo. Wanda yake ganin ba haka ba ne ya fito ya gaya mini.

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa, amma kafin a je ga batun suna sai mun gyara kalma ɗaya, domin ka ce kun "ƙirƙiro", alhali kuwa ba ku ƙirƙiro komai ba. Maganin shawarar jarirai da haske an wallafa shi a mujallar Lancet tun 1958, a cikin aikin Dakta Richard Cremer na Ingila. Ƙwan fitila mai shuɗin haske da ka jera, masana uku ne 'yan asalin Japan suka samar da shi, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Ko haɗa abin da sola ma an riga ku, domin wata baiwar Allah mai suna Virtue Oboro ta yi irinsa a Bayelsa bayan ɗanta ya yi fama da shawara a 2015, ana kiransa Crib A'Glow. Abin da kuka yi harhaɗawa ne, kuma harhaɗawa ba abin kunya ba ne, amma a kira shi da sunansa.

Ɗan Kasuwa, Tsohuwar Kasuwa:
Malam, wannan yaro ɗan ƙanwata ne, kuma a gabana ya riƙa kwana yana ƙona yatsunsa da dalma. Kai da ka iya jero shekaru da sunayen Turawa, me ka taɓa harhaɗawa wanda jariri ya kwanta a ƙarƙashinsa ya tashi lafiya? Mu a kasuwa wanda ya kawo abin da babu shi a gari, shi ya ƙirƙiro shi, ko da a wata ƙasa sun shekara ɗari da shi.

Malamin Jami'a:
Alhaji, da wannan ma'aunin naka, wanda ya fara shigo da babur Sakkwato shi ya ƙirƙiro babur ke nan. Ban raina ƙoƙarin ɗanka ba, kalmar kawai na riƙe.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya, Runjin Sambo:
Malam, tun da gyara ka fito yi, bari kai ma a yi maka naka. Ka ambaci Dakta Cremer ka tsallake wadda ta fara ganin abin da idonta. Ma'aikaciyar jinya ce mai suna Jean Ward, a ɗakin bakwaini na asibitin Rochford a Ingila, a 1956. Ita ce take fitar da jarirai waje su sha iska da hantsi, sai ta lura wani jariri jikinsa ya washe in ban da wurin da gefen zane ya rufe, nan ya tsaya rawaya. Ita ta nuna wa likitoci, daga nan bincike ya tashi, amma da aka wallafa takardar a 1958 babu sunanta cikin marubuta. Saboda haka idan ƙirƙira ake nema a wannan aiki, ta fara ne daga mai canza wa jariri zane. Kai kuma ɗana na Mabera, na karanta rubutunka na ƙirga "ni" har na gaji. Ma'aikatan jinya biyun da ka ambata a guje, su wa ke rufe wa jariri ido kafin a kunna fitila, su wa ke juya shi, su auna zafin jikinsa, su lallashi uwa ta ci gaba da ba shi nono da ƙarfe uku na dare? Kuma na tabbata su suka gaya maka tsayin da uwa za ta iya miƙa hannu ta ɗauki ɗanta ba tare da ta bugi allon ba. Abin da likita ya yi maka, shi ka yi musu, shi kuma ka yi wa mai walda.

Likitan Yara:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma kada a mai da zancen ya zama ma'aikatan jinya ne suka gano komai likitoci suka ƙwace. Ganin abu daban, tabbatar da shi daban, kuma waɗanda suka auna jini suka nuna cewa haske yana rage sinadarin bilirubin, mai sa jikin jariri ya yi rawaya, su suka mai da lura ta zama magani. Ina tare da Malam a kan kalmar. Ni ba na cikin wannan ƙungiya, ban kuma san likitan ba, sai dai na san dalilin da ya sa sunan likita ke zuwa gaba. Shawara idan ta yi tsanani tana hawa ƙwaƙwalwar jariri, ta bar shi da kurumta ko shanyewar jiki har ƙarshen rayuwarsa. Idan aka kwantar da jariri ƙarƙashin fitilar da ke da shuɗi a ido amma ƙarfinta bai kai ba, aka saki jiki ana zaton ana magani, to ranar da abin ya ɓaci ba mai walda za a kira gaban majalisar likitoci ta MDCN ba, lasisin likita za a taɓa. Ina tambayar Injiniya, kun auna ƙarfin hasken da na'urar awo a daidai inda fatar jariri take, ko da ido kuka duba?

Malamin Jami'a:
Likita, ka yi haƙuri in katse ka. Ka kira shi Injiniya, ni kuwa a iya sanina babbar difloma ya yi a kwalejin kimiyya da fasaha. Hukumar COREN tana yi wa masu wannan fanni rajista a rukuni huɗu, kuma rukunin farko kaɗai ke da izinin sa wannan laƙabi gaban sunansa. A ƙasar nan duk wanda ya riƙe filaya sai a ce masa Injiniya, shi ya sa aikin ya rasa daraja.

Mai Gyaran Na'urori, Mabera:
Malam, ban kira kaina Injiniya ba, Likita ne ya kira ni, amma tun da ka taɓo wurin bari in ba ka amsa. Godfrey Hounsfield, wanda ya ƙera na'urar ɗaukar hoton cikin kai ta CT a kamfanin EMI na Ingila, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaci a 1971, ba shi da digirin jami'a, kuma a 1979 aka ba shi kyautar Nobel a fannin likitanci. Earl Bakken na Amurka kuwa a gareji ya buɗe wurin gyaran kayan asibiti a 1949, aikin da nake yi ke nan. Da wuta ta ɗauke a garinsu a watan Oktoba na 1957, na'urorin daidaita bugun zuciya masu dogaro da soket suka tsaya, likitan tiyata Walton Lillehei wurin wannan mai gyara ya je ya roƙi a yi masa mai aiki da batir, kuma cikin 'yan makonni ya kawo ta. Wannan garejin shi ne kamfanin Medtronic na yau. Ba a taɓa jin an ce Bakken harhaɗawa ya yi ba, alhali tsarin wayoyin ma daga wata mujallar masu sha'awar lantarki ya samo shi ya sauya.

Malamin Jami'a:
Bakken yana da digiri a fannin injiniyan lantarki daga Jami'ar Minnesota, saboda haka hujjata ka ƙarfafa. Hounsfield kuwa mutum ɗaya ne, ba a kafa doka da mutum ɗaya.

Likitan Yara:
Kuma a lura, a labarin da ya kawo da bakinsa likita ne ya ga matsalar ya je ya nemi mai gyara. Har yanzu dai ba a amsa mini tambayar awon haske ba.

Ɗalibar Likitanci:
Iyayena da yayyena, ku gafarce ni in sa baki. Ina ganin Yaya na Mabera ba kalma ya zo nema ba, tambayarsa ita ce ko ya dace a bar sunan wanda ya yi aiki. A 1944 a asibitin Johns Hopkins na Amurka an yi tiyatar farko ta yaran da ake haifa da lahani a zuciya har jikinsu ya yi shuɗi. Wanda ya ƙware a ɗinkin a ɗakin gwaji, ya kuma tsaya bayan likita Alfred Blalock yana nuna masa yadda zai yi, wani baƙar fata ne mai suna Vivien Thomas, wanda asalinsa kafinta ne. Aka sa wa tiyatar sunan Blalock da na likita Helen Taussig, shi kuwa sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Me zai hana ƙungiya ta zauna tun ranar farko ta rubuta aikin kowa da yadda za a jera sunaye?

Ɗan Kasuwa, Tsohuwar Kasuwa:
Ka ji, Malam, har kafinta ya koya wa likita ɗinki. To shi ma sai ka nemi rajistarsa.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya, Runjin Sambo:
'Yata, kin yi magana mai kyau, amma ki gama karatun tukuna mu ga ko za ki tuna da ita. Wannan halin na ɗaukar kowa a matsayin ɗan rakiyar likita shi ya sa sauran ma'aikatan lafiya suka haɗu a ƙarƙashin gamayyar ƙungiyoyinsu ta JOHESU, kuma mun ga yadda ake kallonmu duk lokacin da aka zo maganar shugabancin asibiti.

Likitan Yara:
Hajiya, don Allah kada a shigo da JOHESU da ƙungiyar likitoci ta NMA cikin batun fitila. Idan aka buɗe wannan babin ni ma ina da abin faɗa a kan wanda ke zama da majinyata duk lokacin da kuka tafi yajin aiki.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya, Runjin Sambo:
Likita, ku da kuka fi kowa tafiya yajin aiki a ƙasar nan, bai kamata wannan magana ta fito daga bakinka ba.

Mai Kula da Takardu:
Ni ne matashin da aka ce yana kula da kuɗi da takardu, kuma na yi shiru ne don in ga ko wani zai tambayi yadda aka yi takardar ta fito haka. Waɗanda suka ba mu tallafi fom ɗinsu gurbi ɗaya yake da shi na jagoran aiki, kuma kwamitin da ke ba da izinin gwaji a kan majinyata ya nemi likita ya sa hannu, daga wannan fom ɗin aka kwafo sunan zuwa takardar taro. Na kai wa Yaya samfurin takardar kafin a buga, ya ce in bari yana tsakiyar aiki. Game da tambayar Likita, an auna hasken sau ɗaya da na'urar awo da muka aro, tun kafin a sa fankar, ba mu kuma sake samun aron ba. Rajistar NAFDAC ma ba mu fara ba, kuma sai da ita za a iya sayar da na'urar ga wani asibiti. Ni na yi zaryar ofisoshi na samo kuɗin da aka sayi ƙwayayen fitilar, amma a duk muhawarar nan babu wanda ya ce ni ma a sa sunana.

Mai Gyaran Na'urori, Mabera:
Ƙanena, ban tuna ka kawo mini wata takarda ba, kuma ko ka kawo, ba a zaure ya kamata ka tona maganar awo ba.

Malamin Jami'a:
To ga shi nan. Abin da ba a gama aunawa ba, ba a yi masa rajista ba, shi ake kira ƙirƙira.

Shugaban Zaure, tsohon likita:
Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. An yi ittifaƙi cewa kalmar "ƙirƙira" ba ta dace da wannan aiki ba, kamar yadda Malam ya yi bayani da hujjoji. Ya kuma bayyana cewa sa sunan likita a gaba ba zalunci ba ne, ƙa'ida ce ta aiki, domin shi ke ɗauke da alhakin ran jariri, kuma abokin aikina Likitan Yara ya warware wannan yadda babu sauran shakka. Labaran Turai da Amurka da aka kawo, idan aka duba da kyau, kowanne da likita a tsakiyarsa. Hajiya ta tunatar da mu muhimmancin ma'aikatan jinya wajen taimaka wa likita, muna godiya. Ɗanmu na Mabera muna yaba ƙoƙarinsa, muna kuma ba shi shawara ya rage zafin rai ya koma ya auna haskensa. Batun laƙabin Injiniya da na ƙungiyoyi ba hurumin wannan zaure ba ne. Na rufe wannan muhawara.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya, Runjin Sambo:
Ranka ya daɗe, ban ce "taimaka wa likita" ba, kuma a cire ni daga cikin waɗanda suka yi ittifaƙin.