Neman kalma: me zan kira "suspension" a shirin gobe?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum jama'a, ina cikin matsi. Gobe Laraba ƙarfe 4 na yamma zan gabatar da shirinmu na masu motoci. Batun makon nan shi ne saitin nan mai sauƙin kuɗi da ake ɗaura wa Hilux da Land Cruiser don su ƙara tsayi su iya shiga daji, ko abin dogaro ne ko zubar da kuɗi. Bayanan da na tara duk na Turanci ne, kuma kalmar suspension ce ta tsaya mini a wuya. Manhajar fassara ta ba ni "dakatarwa", irin wadda ake yi wa ma'aikaci. Masu saurarona direbobi ne da 'yan kasuwar ƙauye, ba na so in faɗi abin da zai sa su ɗora kuɗinsu a kan kuskure.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wa alaikumussalam. Hajiya, ki ce "kayan ƙafa". Haka muke faɗa a gareji. Mutum zai zo ya ce ƙafar motarsa na ƙara, mu ce sai an yi aikin ƙafa. A ciki akwai shoka, akwai sifirin, akwai bushin. Duk direban da ya ji zai gane.

Malamin Hausa: Da girmamawa Oga, ƙafar mota ai taya ce a kunnen mutane da yawa. Kuma shoka da sifirin da bushin duk Turanci ne aka karya. Ni shawarata "sha-gargada". Aikin abin ke nan, ya shanye gargadar hanya kafin ta iso ga mai zama. Ginin kalmar namu ne tsantsa, irin na hana-salla da a-kori-kura da a-daidaita-sahu. Tun bara nake koya wa ɗalibaina ita.

Direban Agadas: Mu a nan amortisar muke cewa, daga Faransanci. In Hajiya ta ce shoka, na Maraɗi zai gane don yana shiga Katsina, amma na Agadas sai ya tambaya. Kayan ƙafa kam ya fi zama kowa da kowa.

Mai Shirin Rediyo: Malam, sha-gargada ta yi mini daɗi a baki. Amma wanne take nufi, duka tsarin ko shokar kaɗai?

Malamin Hausa: Duka.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: To nan ne matsalar, Malam. In aka haɗa su a kalma ɗaya, shirin Hajiya ya rushe, don gardamar araha da tsada a kan bambancinsu take. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke ba mota tsayinta. Shoka ba ta ɗaukar kaya, aikinta ta hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. Mai ne a cikinta, yana bi ta 'yan ƙananan ƙofofi, motsin ya koma zafi. A kwalta mai arahar ma za ta yi miki shekara ba ki ji komai ba. Amma ki hau burji mai gargada ki yi tafiyar awa biyu, man zai yi zafi ya yi kumfa, shokar ta saki. Masu kyau ana matsa musu iskar naitirojin don kada kumfar ta tashi da wuri. Watan jiya aka kawo mini wata Hilux, saitin bai yi wata huɗu ba. Na danna bayanta da hannu na saki, ta yi lilo sau huɗu kafin ta tsaya. Na leƙa ƙasa, mai ya jiƙe jikin shokar ƙura ta manne, robar bushin ta tsattsage kamar busasshiyar gurasa. Sifirin ɗin kuwa lafiyarsa lau. Ta yaya zan bayyana wannan da sha-gargada?

Malamin Hausa: Sai a ce uwar sha-gargada da 'yarta. Ba a rasa hanya in ana so. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da sabon abu ya zo sai mu miƙa hannu ga Bature. Yaushe harshen zai tsaya da ƙafarsa?

'Yar Zariya: Malam, ita kalmar mota fa? Da birki, da giya, da sitiyari? Ban taɓa jin ka ƙi su ba. Kuma jarida da siyasa daga Larabci muka aro, ba wanda ya ce mun yi bara. In daga Larabci ne ilimi, in daga bakin bakanike ne lalaci?

Malamin Hausa: Waɗancan sun daɗe sun zama 'yan gida. Ina magana ne a kan wadda ba ta riga ta kafu ba. Gidajen rediyo sun taimaka wajen yaɗa mana kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya. Da sun ce Yunaited Neshan da yau ita muke faɗa. Hajiya na da makirufo a hannu, wannan dama ce.

'Yar Zariya: Shoka ta kafu, Malam. A aji ne ba ta kafu ba.

Direban Agadas: Ku yi haƙuri in sa baki. Kullum in ana irin wannan sai a yanke da Hausar Kano, mu na Nijar a ce mu bi. Ba laifi, mun saba. Amma maganar dogaro mu za a tambaya, don hanyar Dirku ba wurin gwaji ba ce. In shoka ta mutu a hamadar Tenere da kaya a baya, bugun hanya duk sai ya koma kan sifirin, ganyayen ƙarfensa su fara karyewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san hanyar ya fi yarda da na kamfanin Toyota ko da tsoho ne, ko Old Man Emu na Ostareliya in aljihu ya kai. Kuma a gaya wa mutane, ɗaga mota fiye da inci 2, wato wajen milimita 50, ba wasa ba ne. Tana ƙara saurin kifewa a kwana, kuma a Hilux ta zamani sandunan da ke juya tayoyin gaba suna karkacewa su ci kansu.

Mai Shirin Rediyo: Allah ya saka, wannan zai shiga shirin. To shi saitin ƙarin tsayin, in ce "kayan ɗaga ƙafa"?

'Yar Zariya: A'a Anti, ɗaga ƙafa ai sassauci ne, kamar mai bin bashi ya ɗaga wa mutum ƙafa. Ki ce "saitin ɗaga mota".

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Haka ne. Sai abu ɗaya Hajiya, don Allah kada ki ce "jabu" a wurin mai araha. Jabu shi ne wanda aka buga masa sunan manyan kamfanonin shoka irin KYB ko Bilstein alhali ba nasu ba ne. Mai araha na iya zama na gaskiya, ƙarfinsa ne iya kuɗinsa. Wanda ke kai taki gona sau ɗaya a mako zai iya rayuwa da shi. Mai ɗaukar buhu ashirin kullum kuwa, araha ba ta ado.

Mai Shirin Rediyo: To ga abin da na rubuta. Tsarin gaba ɗaya: kayan ƙafar mota. A ciki shoka, zan ƙara da cewa a Nijar amortisar ake ce mata, sai sifirin da bushin. Saitin ɗaga mota. Mai araha daban, jabu daban. Malam, a farkon shirin zan ce shoka ita ce mai shanye gargada, a matsayin bayani.

Malamin Hausa: Bayani ba suna ba ne, Hajiya, kuma har yanzu ina ganin za a samu mai kiran waya ya tambaye ki kuɗin taya. Amma tunda lokaci ya ƙure, ki tafi da shi. Ni dai a ajina sha-gargada ce.

Direban Agadas: A wace mita za mu kama ku? Ko akwai a intanet, don nan ba ta isowa.