Tausar Sinawa ta danna jijiya da yatsa, ya ake yinta daidai?

Ɗan Kwari:
Slm 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san tausar nan ta mutanen Chaina da ake danna wasu wurare a jiki da yatsa ba tare da allura ba ya taimaka min. Hajiyarmu bata iya tafiya a mota, ko Kano zuwa Zariya ce sai tayi ta amai ta galabaita, maganin da ake bata kuma bacci yake sata ta wuni jiki a mace. Wani abokin kasuwancina a Guangzhou yace akwai wuri a wuyan hannu da ake dannawa tashin zuciya ya lafa. Ina ne wurin takamaimai, kuma da ƙarfi ake yi ko a hankali?

Ɗalibi a Nanjing:
Wslm, Allah ya ƙara ma Hajiya lafiya. Neiguan suke ce ma wurin. Ta juyo tafin hannunta sama, daga layin nan da wuyan hannu ke lanƙwasawa sai a jera yatsu uku a kwance ana yin wajen gwiwar hannu, inda na ukun ya tsaya, a tsakiya, tsakanin jijiyoyi biyu masu tauri, in ta dunƙule hannu zaka ga sun taso. Amma fa da yatsunTA za a auna ba naka ba, nan ne mutane da yawa ke kuskure, su Sinawa da jikin mai ciwon suke awo saboda hannun ƙato da na tsohuwa ba ɗaya bane.

Sai ka ɗora tsokar babban yatsanka, banda farce, sauran yatsun su tallafi bayan hannun. Ka fara a hankali kana ƙara nauyi har tace maka tana jin wani tsami-tsami da nauyi a wurin, wannan ake nema, in tace zafi ne mai suka to ka wuce gona da iri, sassauta. Ko ka riƙe haka ko kana murzawa a zagaye amma yatsan kar ya dinga zamewa akan fata, naman ƙasa ne zai motsa. Minti 2 zuwa 3 sai ka koma ɗaya hannun. Kuma tun kafin mota ta tashi ake farawa, in amai ya riga ya taso da wuya ya tare shi.

A nan Chaina ba wasa suka ɗauki abin ba, asibitocin gargajiyarsu akwai sashen tuina guda, wato tausar gargajiyarsu, akwai dannawa, murzawa, turawa da kama tsoka a ɗaga, kowanne sai an koya. Hatta yaran firamare kullum sai sun yi tausar gefen ido a aji.

Maman 'yan biyu:
Ni na ciwon kai na sani, tsokar nan dake tsakanin babban yatsa da manuniya, in ka haɗe su inda ya fi tudu. Matse shi nake da yatsu biyu sama da ƙasa kuma wlh ina jin sauƙi musamman ciwon kan gajiya. Malam na Nanjing shima haka ake yi ko?

Ɗalibi a Nanjing:
Haka ne Hajiya, Hegu kenan, har ciwon haƙori suna danna shi. Sai dai mai juna biyu bata taɓa shi, shi da Sanyinjiao dake saman idon sawu ta ciki da yatsu huɗu, likitocinsu suna hanawa don a iliminsu yana iya tada naƙuda.

Nas Talatu:
Bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Na wuyan hannun nan yana cikin waɗanda aka fi yin bincike akai, musamman tashin zuciya bayan tiyata, kuma an ga yana taimaka ma wasu, wasu kuma babu wani canji. Hanyoyin da suke cewa ƙarfin jiki na bi, su 12 manya, ba abu bane da ake gani in an buɗe jiki, fahimtarsu ce ta tun zamanin da. Abinda ke damuna shine masu hawan jini, mutum kansa na sarawa ya zauna yana matsa hannu alhali jininsa ya hau, yar uwa in ciwon kan ya yawaita ki auna jini dan Allah. Kar a danna kan rauni, ƙuna ko kumburi, kar a matsa gaban wuya, sannan ƙafar da ta kumbura ɗaya tana ciwo asibiti ake kaita ba tausa ba, yana iya zama gudan jini ne. Ɗan Kwari ka kuma sa Hajiya a gidan gaba, a sauke gilas kaɗan, kar ta cika ciki da maiƙo kafin tafiya.

Ɗan Kwari:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To in ni ke tuƙi fa, wa zai danna mata?

Ɗalibi a Nanjing:
Ita da kanta zata iya in ka nuna mata wurin. Akwai kuma wani abin ɗaurawa na roba kamar agogo mai ɗan maɓalli a ciki, maɓallin ake saitawa daidai Neiguan a hannu biyun, ka tambaya a manyan kemis ko ka sa abokin naka ya sako maka cikin kaya.